Fayil ɗin yaro ya koma kwamfuta: wa ke da ikon buɗe shi?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiya da lauyoyin da ke cikinmu. Na kai autata wani asibiti a nan cikin Katsina, sai na tarar an daina yankan kati irin na da. Sunanta suka shigar a kwamfuta, suka karɓi lambar waya, suka tambayi NIN ɗina, suka rubuto min wata lamba a guntuwar takarda suka ce ita ce katin. Sauri kam an yi sauri, ko takardar magani ban riƙe ba, kafin in isa ɗakin magani sun riga sun gani. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yaron da ke karɓar kuɗi. Ya kira sunanta, ya kuma karanto abin da likita ya rubuta, ga layi cike da mutane. Me ya haɗa mai karɓar kuɗi da ciwon yarinya? Akwai dokar da ta tsara wa zai ga me, ko duk wanda ke aiki a asibiti gani yake?

Mai Kati: Wa alaikumus salam Hajiya. A ɗakin kati nake aiki, bari in faɗa miki yadda abin yake. Manhajar da ake sawa tana da matakai. Mai karɓar kuɗi suna da farashi kawai ya kamata ya gani, mai ba da magani ya ga magani, likita da nas su ga sauran. Haka aka ƙera ta. Amma a wurare da yawa lambar sirri guda ce ke yawo a hannun kowa, don kada aiki ya tsaya in mai ita ya tafi sallah ko ya yi fashi. Wani wurin ma a takarda aka rubuta ta aka manna jikin kwamfutar. To kin ga wanda ya shiga da lambar likita, abin da likita ke gani shi ma shi zai gani.

Baban Sadik: Ashe ma gara katin da.

Mai Kati: Kada ka ce haka Alhaji. Folda ta takarda masinja ke ɗaukarta daga ɗaki zuwa ɗaki, a hanya in ya ga dama ya karanta. 'Yan uwan marar lafiya su buɗe ta a bakin gado. Wadda ta tsufa kuma a jibge a sito, gara ta ci, ruwa ya jiƙa, wata ma ka tsince ta an ƙunsa maka gyaɗa a ciki. Bambancin dai shi ne folda mutum ɗaya ke karanta ta a lokaci guda, kuma sai ya tako ya zo. Ta kwamfuta, in aka yi sake, ɗakuna goma na iya buɗe ta tare.

Barista: Hajiya doka akwai, har ma ba ɗaya ba. Tushe shi ne sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin sirrinsa. Sai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Sashe na 26 ya ce duk bayanin da ya shafi ciwon mutum, maganinsa da zamansa a asibiti sirri ne. Ba a fitar da shi sai mai shi ya yarda a rubuce, ko kotu ta ba da umarni, ko wata doka ta tilasta, ko ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. In ƙaramin yaro ne kuma, sai da buƙatar iyayensa ko mai riƙonsa. Sashe na 29 ya ɗora wa shugaban asibiti nauyin tsare wurin ajiyar bayanan kada wanda ba shi da izini ya kai gare su, kuma ya ambaci na kwamfuta ƙarara. Hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun.

Ta baya-bayan nan ita ce Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ita ta kafa hukumar NDPC da Dakta Vincent Olatunji ke shugabanta. Ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu tsauri da ba a taɓa su sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Don haka abin da yaron nan ya yi miki ba daidai ba ne, kuma laifin bai tsaya kansa ba, ya hau kan wanda ya bar masa ƙofar a buɗe.

Baban Sadik: Naira 250,000 a yau? Ko kuɗin ragon layya mai kyau bai kai ba.

Barista: A 2014 aka yanka ta, ka tuna. Ta 2023 ta fi cizo: manyan masu riƙe bayanai tararsu na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin da suka samu a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Kuma hukumar ta nuna tana iya yanka ta: bankin Fidelity naira miliyan 555.8 a 2024, kamfanin MultiChoice sama da miliyan 766 a 2025. Asibitoci ma cikin manyan masu riƙe bayanai aka lissafa su, wato wajibi ne su yi rajista kuma su naɗa jami'in kare bayanai. Hajiya, in kin koma ki tambayi wane ne wannan jami'in nasu. Ki dubi fuskar wanda kika tambaya, za ki gane ko akwai shi.

Kawu: Ni hwa duk wanga bayani bai kwanta mani ba. Mi ya kai mu zuba sunayen ɗiyanmu cikin na'urar da ba mu san inda igiyarta ta ƙare ba? Kun manta Kano a 1996? Ana tsakiyar annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya zo ya gwada maganin Trovan, yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Shi ya sa da aka zo 2003 mutane suka juya ma rigakafin shan-inna baya. Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awe.

Likita: Kawu, Allah ya ƙara girma, tsoronka yana da tushe, amma ka duba labarin da kyau. Abin da iyayen Kano suka yi ƙara a kai shi ne ba a yi musu bayani an nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Da aka zo biyan diyya kuma, wahalar da aka sha ita ce tantance wane yaro ne aka yi gwajin da shi, har sai da aka koma gwajin ƙwayar halitta, kuma sai 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi kuɗi. Shekara goma sha biyar ke nan. Da kowane yaro yana da tsayayyen fayil da ba a iya gogewa, wa ya ba shi me, da ƙarfe nawa, wa ya sa hannu, da ba a kai haka ba. Rashin rubutu shi ke ba mai ƙarfi damar musu.

Ni abin da nake gani kullum ban iya kau da kai a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu sikila a Najeriya kowace shekara. A kawo maka ɗayansu cikin dare daga Mashi ko Kaita, jiki ya yi fari fat, uwa ba ta san sau nawa aka ƙara masa jini ba, ba ta san sunan maganin da ya taɓa kumbura masa fuska ba, folda kuma tana wani asibiti a kulle. Sai ka fara daga farko, kana lalube. Fayil na kwamfuta wannan lalube yake kashewa. Ku yi faɗa a gyara shi, ina tare da ku, amma kada a ce a koma baya.

Kawu: Likita bokan Turai. To na ji. Amma wa ya nemi izinina kafin a shigar da jikokina?

Barista: Kawu ka taɓo inda nake son a zo. Sashe na 31 na dokar 2023 ya ce kafin a sarrafa bayanan yaro da sunan yarda, sai an nemi ta uba ko uwa ko mariƙinsa na shari'a, kuma a tabbatar da shekarunsa. Amma a cikin sashen aka cire wurare uku: in ceton ran yaron ake yi, in aikin ilimi ne ko magani ko kula da walwala a hannun ƙwararren da amanar sirri ta hau kansa, da in shari'a ake a kotu. Wato likita ba ya buƙatar sa hannunka kafin ya rubuta abin da ya gani. Wannan daidai ne, ba za a bar yaro yana suma ana neman ubansa a kasuwar Charanchi ba.

Inda izininka ke aiki shi ne in za a ɗauki bayanin a kai shi wani aiki da ba maganin yaron ba: bincike, talla, neman tallafi, ba wani kamfani. Nan ne ake yawan tsallake mu. Kuma dokar ta hana fitar da bayanai ƙasar waje sai an tabbatar can ma akwai kariya. In manhajar asibiti a rumbun wani kamfani na waje take ajiya, wannan sharaɗin ya hau kansu.

Sista: Barista ka bar ƙasar waje tukuna. Ni matsalar da ke gabana lambar waya ce. Mace ta kawo yaro, a ce ta ba da lamba. Da yawa ba su da waya, sai ta ba da ta maigida, ko ta ƙanin miji, ko ta maƙwabciya, wata ma ta mai cajin waya na bakin layi. Duk saƙon da asibiti zai tura, ranar dawowa, sakamakon gwaji, can zai faɗa. In rigakafi ne ba komai. In saƙon ya ce a kawo yaro karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki fa? Yaron da aka haifa da ita, uwar ma ba ta gama samun ƙarfin faɗa wa dangin miji ba, sai ga shi a wayar kishiya. Na rantse muku aure na mutuwa a kan abin da bai kai wannan ba.

Maman Hanifa: Innalillahi. Ni ma lambar Abbansu na bayar, tawa ba caji.

Ɗan Kwamfuta: Anti Sista wannan gyaransa ba wuya. Saƙo kada ya ɗauki sunan ciwo ko na sashe, ya ce kawai ana tunatar da ku zuwa asibiti ranar kaza. Kuma a tambayi uwa a keɓe: wannan lambar taki ce? A tura saƙo ko kada a tura? Layi biyu ne a manhaja. Ba a saka ba ne don wanda ya rubuta ta yana zaton kowa da wayarsa a aljihu.

Masu kutse kuma gaskiya ne akwai su. A Singafo a 2018 an kwashe bayanan mutum miliyan 1.5, har da firaministansu. A Finlan an fasa rumbun wata cibiyar masu taɓin hankali da damuwa, a 2020 aka riƙa tura wa marasa lafiyar saƙo ɗaya bayan ɗaya cewa su biya kuɗin fansa ko a watsa hirarsu da likita, mutum sama da 30,000. A Ayalan a 2021 aka kulle kwamfutocin hukumar lafiyarsu har asibitoci suka koma biro da takarda. To amma mu a nan ban jin daga waje ɓarawonmu zai fara zuwa. Wanda zai ɗaga waya ya ɗauki hoton allon kwamfuta ya tura wa abokinsa a WhatsApp, shi ya fi kusa da mu.

Maganinsa kowa da lambar sirrinsa, kuma na'ura ta riƙa rubuta sawu: wane ne ya buɗe fayil ɗin wane, yaushe, daga wace kwamfuta. In ma'aikaci ya san sunansa zai fito, kuma uwar yaro tana da ikon cewa a buga mata jerin waɗanda suka leƙa, zai yi tunani sau biyu.

Mai Kati: Rubuta sawun tana yi ai. Wa ke karantawa? Kuma in mutum takwas da lamba ɗaya suke shiga, sawun mutum ɗaya za ka gani.

Malamin Asibiti: Ku 'yan birni kuna maganar lambar sirri, mu ta wajen Jibiya maganar wuta da sabis muke. Kun manta 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga, tun Satumba sai Disamba aka fara maidowa? Da a ce fayil ɗin yaranmu yana can rumbun intanet a lokacin, da me za mu duba? Mu har yanzu rajista ce babba, ƙarshen wata a tattara alƙaluma a kai ƙaramar hukuma a shigar DHIS2, tsarin kwamfuta na tattara alƙaluman lafiya, kuma shi adadi yake ɗauka, ba sunan yaro ba. Duk dokar da za a yi, a sa cewa dole manhaja ta yi aiki ba sabis, kuma kada a karɓe katin rigakafi daga hannun uwa. Wadda ta gudo daga ƙauye da goyo, katin nan da ke ƙulle a bakin zaninta shi kaɗai ne tarihin ɗanta.

Sannan ga masu zuwa da tabulet, yau wannan ƙungiya gobe waccan, su auna hannun yaro mai tamowa, su ɗauki hotonsa, su rubuta sunan uwa da unguwa. Aikin alheri suke, abincin tamowa na ceton rai, ban musa ba. Amma uwar da ke layi tana jiran abincin ɗanta, in ka ce ta dangwala ta yarda a ɗauki hoto, za ta ce a'a ne?

Barista: Ba za ta ce ba. Kuma dokar ta ce yarda sai an ba da ita da son rai, an san abin da aka yarda da shi, ana kuma iya janye ta. Dangwalen da aka yi don tsoron rasa abinci, ni a wurina ba yarda ba ce.

Ɗan Daura: Mu kuma nan Daura rabin layin wasu ranakun 'yan uwanmu ne na ƙetare, sun shigo ta Kongolam. Ba NIN, lambar wayarsu ta Nijar ce. In aka ce sai da NIN za a buɗe wa yaro fayil, korarsu za a yi?

Barista: In gaggawa ce ba mai ikon kora. Sashe na 20 na dokar 2014 ya hana ƙin duba mai neman taimakon gaggawa kan kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Ni ma ina ganin kuskure ne a maida NIN sharaɗin ganin likita. Yara nawa ne a ƙauyukanmu ko takardar haihuwa ba su da ita?

Alaramma: Salamu alaikum. Ina ta karantawa ban sa baki ba. Barista, ka ce uba ko uwa ko mariƙi na shari'a. Almajirin da ubansa ya kawo mini daga Ɓaure ko Zango ya damƙa mini amana, ba takarda, ba kotu, ni mene ne a wannan doka? Ni ke kai shi asibiti, lambata ake rubutawa. In ya koma gida bayan shekara biyar fayil ɗinsa na nan ɗaure da wayata.

Na biyu, in aure ya mutu. A mazhabarmu ta Malikiyya reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji, amma walicci da ciyarwa na uba ne. To wa ke da ikon buɗe fayil? In uba ya je ya ce a buga masa komai don ya kai kotu ya ce uwar ba ta kula da yaro, za a ba shi? In cikin fayil ɗin akwai sabon adireshin matar, wadda wataƙila duka ne ya kore ta?

Barista: Allah shi gafarta Malam, ka yi tambayar da dokokin nan biyu ba su amsa ba. Sun ce iyaye ko mariƙi suka yi shiru. Ba su ce wanne za a bi in sun saɓa ba, ba su san riƙo irin namu ba, inda goggo ko kaka ko malami ke ɗauke da yaro ba tare da wata takarda ba. A ganina ba sabuwar dokar tarayya muke jira ba. Jiharmu ta yi dokar kare yara a 2020, zamanin Gwamna Masari. Majalisar Dokoki ko ma'aikatar lafiya ta jiha na iya fitar da ƙa'idar da za ta ce: a rubuta wanda ya kawo yaro da matsayinsa, a sabunta duk zuwa, a raba adireshin uwa da bayanin ciwo, in akwai rigima kuma a jira alƙali.

Sista: Tunda an zo nan bari in faɗi wadda za ta ɓata wa wasu rai. Akwai abin da yarinya 'yar sha huɗu, sha biyar za ta faɗa min da ba za ta faɗa ba in ta san gobe mahaifinta zai karanta a waya. Fyaɗe nake nufi. Kuma ku da kanku kun san sau da yawa mai yin ba baƙo ba ne, a cikin gidan yake ko yana shiga gidan. In fayil a buɗe yake ga duk wanda ke riƙe da wayar gida, to mun miƙa wa mai laifi abin da ta faɗa. Dole a samu wani ɓangare da likita zai iya rufewa.

Baban Sadik: A'a Sista, nan kam ban bi ki ba. 'Yata, ina ciyar da ita, ni zan amsa tambaya a kanta gaban Allah, sannan a ce akwai abin da asibiti zai ɓoye min? Wannan ai tarbiyyar Turawa ce ake son shigo mana da ita ta taga.

Likita: Alhaji su Turawan ma ba su daidaita a kai ba. A Ostareliya tun gyaran da suka yi wa dokarsu a 2018, yaro na cika 14 ake cire iyaye daga fayil ɗinsa sai in shi ya maido su. A Jamus, da suka buɗe wa masu inshorar gwamnati fayil na kwamfuta a 2025 sai wanda ya ce ba ya so, shekara 15 suka yanka. A Ingila kuma tun hukuncin kotu a shari'ar Gillick a 1985 ba shekaru kawai suke dubawa ba, hankalin yaron da fahimtarsa suke aunawa. Ban ce mu kwafo ko ɗaya ba. Amma mu namu ba a yanka komai ba, an bar kowane likita da zuciyarsa.

Baban Sadik: To a bar shi hakan. Likita mai tsoron Allah ya san abin da ya dace.

Sista: Da takarda yana iya yin hakan, ya rubuta a gefe ya ajiye a durowarsa. Kwamfuta ba ta da durowa sai an gina mata. Abin da nake roƙo ke nan, ba cewa na yi a raba 'ya da ubanta ba.

Alaramma: Alhaji, haƙƙin uba tabbatacce ne, ba mai ja. Amma walicci don maslahar yaro aka ba da shi. In akwai zargin cutarwa daga cikin gida, rufe bayanin har a kai ga hukuma ko alƙali bai saɓa wa shari'a ba a fahimtata. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce da zarar ta kai shekara kaza an rufe wa uba komai, har zazzaɓi.

Maman Hanifa: Ni kuma wani abu ne ya faɗo min. Fayil ɗin nan ba ya mutuwa ko? Yarinya ta yi farfaɗiya tana shekara huɗu, ta warke, an manta. Shekara goma sha biyar ta wuce, an zo neman aurenta, dangin miji na bincike, kuma suna da ɗan uwa a ɗakin kati. Da folda ce da tuni gara ta gama da ita. Yanzu suna kawai zai buga.

Mai Kati: Hajiya wallahi ana zuwa mana da irin wannan roƙon. Don Allah duba min wance 'yar gidan wane, za mu haɗa zuri'a. Kuma mai roƙon ba ya jin laifi yake nema, gani yake bincike ne na aure. Wanda ya ƙi a ce ba shi da zumunci.

Likita: Abin da ya shafi aure yana da ƙofarsa ta gaba. Kano ta yi doka a 2024 cewa sai an yi gwajin jini kafin ɗaurin aure, har da na sikila da ciwon hanta da cuta mai karya garkuwa. Masu auren ne ke zuwa da ƙafarsu, su ji sakamako da kunnensu. Wannan daban, leƙen fayil ɗin yarinta daban. Goge fayil kuma ban goyi baya ba, farfaɗiyar nan likitan da zai karɓi haihuwarta yana buƙatar ya sani. A Ingila fayil ɗin yaro ana ajiye shi har ya cika 25. A rufe dai da kyau, in ta kai 18 a miƙa mata ikonsa, a cire lambar kowa sai wadda ta zaɓa.

Kawu: Wato dai duk kun dawo kan maganata, ba a shirya ba aka fara.

Ɗan Kwamfuta: Kawu an riga an fara, kuma ma'aikatar lafiya ta tarayya ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate tana tura shirin haɗa asibitoci a tsarin kwamfuta guda. Ranar da aka haɗa, leƙen da ake yi a asibiti ɗaya zai zama ana iya yinsa daga ko'ina. Gara a ɗaure ƙa'idar yanzu da suke warwatse.

Barista: To kada mu tashi a surutu. Zan rubuta takarda zuwa kwamitin lafiya na Majalisar Dokokin jiha, kwafi ga kwamishinan lafiya. Abin da zan sa: kowane ma'aikaci da lambarsa, iyaye su iya neman jerin waɗanda suka buɗe fayil, saƙon waya ba sunan ciwo, kada NIN ya zama sharaɗi, katin hannu ya ci gaba, a fayyace matsayin mai riƙo, da ikon likita ya rufe ɓangaren da ya shafi zargin cutarwa. Hajiya, ke kuma ki fara rubuta wa shugaban asibitin ƙorafi, ki riƙe kwafi. In ba su amsa ba ana kai ƙara NDPC.

Baban Sadik: Na ƙarshen nan in yana ciki ban sa hannu, sai an rubuta cewa alƙali ko hukumar kula da yara za a sanar nan take, ba likita shi kaɗai ya yanke ba.

Sista: Nan take ɗin ne matsala Alhaji. Wani lokacin kafin takarda ta isa ofis labari ya isa gida. A ba mu ko kwana biyu mu san inda za a ajiye yarinyar.

Baban Sadik: Kwana biyu 'yata na hannun wasu ban san dalili ba? Barista ka turo daftarin tukuna mu gani.

Barista: Zan turo daren Juma'a in sha Allah, da sigar Alhaji da ta Sista a jere, kowa ya zaɓa. Malam, ina buƙatar ka rubuto min bayanin reno da walicci a taƙaice yadda zan saka. Akwai wanda ya san akawun kwamitin a cikinku?

Ɗan Daura: Zan tambaya gobe. Amma a sa Hausa da Turanci duka, don mu ma mu kai wa namu ɗan majalisar.